Kat-kat da inshorarta: abin da mai mota a Kilomita Biyar ya kamata ya sani kafin ya kama hanyar daji

A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, motar da ake kira kat-kat ba kayan ƙawa ba ce. Ƙasar ta fi Faransa faɗi, tana da hanyoyin mota kimanin kilomita 24,000, amma waɗanda aka shimfiɗa wa kwalta ba su wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba. Kwaltar ta fi yawa a kan hanyar da ta tashi daga Bangui ta bi Boali, Bossembélé da Bouar zuwa Béloko a iyakar Kamaru, sai wadda ta nufi Sibut da wadda ta nufi Mbaïki. Daga nan kuma sai jar ƙasa, gargada, gadojin katako da koguna da ake tsallakawa a kan jirgin fito. Idan damina ta kankama, wasu garuruwan arewa maso gabas kamar Birao sukan yi watanni babu motar da ta isa gare su ta ƙasa.

Unguwar Kilomita Biyar, wadda ake rubutawa PK5 ko KM5, ita ce cibiyar kasuwancin Bangui. Hausawa, Barebari, Fulani, Larabawan Chadi da mutanen Senegal sun zauna a nan tun zamanin mulkin mallaka, kuma kayan da ke shigowa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, mai nisan kimanin kilomita 1,400, da yawansu a nan ake sauke su kafin a rarraba zuwa larduna. Saboda haka ɗan kasuwar da ke kai sukari, sabulu ko kayan babur zuwa Bambari ko Bria, da mai ba ƙungiyoyin agaji hayar mota, da direban da ke ɗaukar fasinja zuwa ƙauye, duk rayuwarsu a wuyan wannan mota take. Ga mafi yawansu ita ce jari mafi girma bayan gida. Wannan bayani ya duba abin da ya sa ake kiran mota kat-kat ta gaske, da abin da takardar inshora ke biya da wanda ba ta biya.

Ba kowace jif ce kat-kat ba

Sunan ya fito daga Faransanci, quatre-quatre, wato taya huɗu kuma duk huɗun inji na juya su. A Najeriya an fi cewa jif. Sai dai kasuwa ta cika da motoci masu siffar jif waɗanda a zahiri ƙananan motoci ne aka ɗaga musu jiki. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a duƙa a leƙa ƙarƙashi. Kat-kat ta daji tana da shasi daban, wasu dogayen ƙarafa biyu masu kama da tsani, aka ɗora jikin motar a kai. Haka Land Cruiser, Hilux, Prado da Nissan Patrol suke. Mota irin RAV4 jikinta shi ne shasinta. Tana da daɗi a cikin gari kuma ba ta shan mai sosai, amma in ta sha gargadar hanyar Bambari da kaya a bayanta, jikin ne ke fara tsagewa.

Abu na biyu shi ne ƙaramar giya da ke kusa da babbar, mai alamun H2, H4 da L4. A H2 tayoyin baya ne kawai ke aiki. A H4 an haɗa na gaba. A L4 kuwa akwatin giyar yana rage gudun motar kusan ninki biyu da rabi, ya ƙara mata ƙarfin ja daidai da haka, ta yadda za ta hau tudu ko ta ratsa taɓo a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba. Motar da ba ta da L4, ko da an rubuta 4x4 da manyan baƙaƙe a bayanta, ba ta daji ba ce.

A nan ne sababbin direbobi ke yin ɓarna. A Land Cruiser 70 da Hilux, idan aka sa H4 tayoyin gaba da na baya suna ɗaure da juna, dole su juya da gudu ɗaya. A kan laka ko yashi babu laifi, domin taya na iya zamewa kaɗan. A kan busasshiyar kwalta kuwa babu inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a cikin akwatin giya har wani abu ya karye. Wanda ya fito daga taɓo ya hau kwaltar Sibut sai ya mayar da ita H2. Tsofaffin motocin kuma suna da makulli a tsakiyar tayoyin gaba, wanda ake juyawa da hannu. In ba a kulle shi ba, ko an sa H4 tayoyin gaba ba za su ja ba. Ana kulle shi tun kafin a shiga taɓon, ba bayan an kafe ba. Prado da manyan Land Cruiser na zamani daban suke: tayoyinsu huɗu suna aiki koyaushe, kuma suna da na'ura a tsakiya da ke sassauta tsakanin gaba da baya.

Sai maganar tukunyar da ke tsakiyar ƙarfen tayoyi, wadda bakanikai masu Faransanci ke kira pont. Aikinta shi ne ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan ana shan kwana. Aibinta kuma shi ne, idan taya ɗaya ta faɗa santsi ko ta rataye a iska, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, wadda ke kan ƙasa mai tauri ta tsaya cik. Maganin wannan shi ne makullin tukunya, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Ba kowace Land Cruiser ke zuwa da shi ba. Mai saye ya nemi maɓallinsa kusa da sitiyari, ya gwada ya ga fitilarsa ta kama. Motar da ke da shi ta cancanci ƙarin kuɗin da ake nema a kanta.

Dalilin da ya sa Land Cruiser 70 ta mamaye hanya

Toyota ta fito da jerin 70 a shekarar 1984, kuma har yau ana ƙera ta ba tare da an sauya mata siffa sosai ba. Iri uku aka fi gani a Bangui: 78, doguwar rufaffiya da ake kira hardtop, mai benci biyu a baya da ke ɗaukar mutum har 13, 79, mai buɗaɗɗen baya da ke ɗaukar kaya kimanin tan ɗaya, da 76 mai ƙofa biyar. Tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har aka laƙaba wa sunan Toyota, motocin wannan kamfani suka yi suna a yankin, na alheri da na akasinsa. Abokan takararta sun ragu. Land Rover ta daina ƙera tsohuwar Defender a farkon 2016, Mitsubishi ta rufe Pajero a 2021. Nissan Patrol mai injin TD42 tana da ƙarfi ƙwarai, amma kayan gyaranta ba su kai na Toyota yawa a kasuwa ba.

Sirrin 70 yana cikin injin 1HZ, wanda ya fito a 1990: silinda shida, lita 4.2, mai shan gazuwal, babu turbo, ƙarfinsa kimanin doki 130. Ga motar da ta haura tan biyu wannan ba yawa ba ne, kuma duk wanda ya hau tudun Boali da ita cike da kaya ya san ba ta da sauri. Amma famfon manta ba ya bukatar kwamfuta, kuma bakanike a Bouar ko Bangassou zai iya kwance shi a gindin mangwaro. Wannan ya fi komai muhimmanci saboda halin da mai yake ciki. Man ƙasar yana shigowa ne ta kogin Ubangi lokacin da ruwa ya cika, ko ta hanyar Kamaru, kuma da zarar an fita daga manyan garuruwa sai na jarka da kwalba, wanda ba a rasa ruwa ko ƙura a ciki. Injinan zamani na Hilux da Prado, masu lita 2.4 da 2.8, sun fi ƙarfi kuma sun fi tsimin mai, amma suna fesa shi da matsi mai tsanani, kuma ɗan ruwa kaɗan ya isa ya kashe injektocinsu. Wanda ya zaɓi irin waɗannan ya ƙara matatar mai ta biyu mai raba ruwa, ya kuma riƙa tafiya da wata a ajiye.

Injin 1HZ yana da nasa sharaɗin. Yana aiki da taimin bel, kuma in ya tsinke ana cikin tafiya ɓarnar takan kai cikin inji. Mai sayen tsohuwar mota da bai ga shaidar ranar da aka sauya shi ba, ya sauya kawai.

Ƙarafan tayoyin 70 na gaba da na baya duk miƙaƙƙu ne, kuma tun 1999 gaba ke da sifirin mai murɗe, baya kuma mai falle-falle. Tsakanin ƙasa da tukunya akwai kimanin santimita 23. 78 tana da tanki biyu, lita 90 kowanne.

Ruwa, taya da lodin sama

Bututun da ake gani a gefen gilashin gaba yana yaudarar mutane da yawa. Babban aikinsa shi ne ya shaƙo iska daga sama inda ƙura ba ta da yawa. Wanda ya zo daga masana'anta ba lallai ne mahaɗansa su hana ruwa shiga ba. Zurfin da Toyota ta amince 70 ta shiga shi ne santimita 70, wato ƙasa da saman taya kaɗan. Idan injin gazuwal ya shaƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandunan fistin su lanƙwashe nan take. Direban kirki yakan sauka ya taka ruwan da ƙafa ko ya auna da sanda, in kuma mota ta mutu a tsakiyar rafi ba ya sake tayar da ita sai an jawo ta an duba. Bayan an tsallake, a duba man tukunya: in ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Taya mai lamba 7.50R16 a kan rim mai zobe ita ce ta gargajiya, kuma ana son ta ne domin ana iya facinta a daji ba tare da inji ba. Zoben nan yana da haɗari idan ba a zaunar da shi daidai ba, don haka mai ba da iska kada ya tsaya a gabansa. A yashi da taɓo ana rage iska domin tayar ta baje, amma sai in akwai famfon mayar da ita. Safaya biyu, jak mai tsawo, shebur, igiyar ja da gatari ba su cika zama a mota a banza ba.

Lodin sama kuwa shi ne ajalin kat-kat da yawa. Motar doguwa ce tun asali. In aka ɗora buhuna da jarkoki a rufinta, mutane kuma suka hau kan buhunan, ƙaramin rami a kwana ya isa ya kifar da ita. Kamar yadda za a gani a ƙasa, wannan lodi yana taɓa inshora ma.

Inda ake samo su

Sabuwa ana samun ta a wajen CFAO, wakilin Toyota a Bangui. Mafi yawan 'yan kasuwa dai tsohuwa suke saye, daga Dubai ko Turai ta Duwala, ko kuma wadda ƙungiyoyin agaji suka yi gwanjonta. Ta gwanjo tana da tarko ɗaya: an shigo da ita ne ba tare da biyan kuɗin duwan ba, saboda haka wanda ya saya sai ya biya kafin ta koma sunansa. Lambar shasi mai alamomi 17 dole ta yi daidai da wadda ke kan katin mota, wato carte grise. Tun rikicin 2013 an ƙwace motoci masu yawa a ƙasar, wasu kuma sun dawo kasuwa da takardun bogi. Lambar da aka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayenta dalili ne na fasa ciniki, komai arhar motar.

Dokar inshora: littafi ɗaya, ƙasashe 14

Abin da 'yan Najeriya ke kira inshora, a Nijar da Bangui asirans ake cewa. Dokarta a nan ba ta ƙasa ɗaya ba ce. A ranar 10 ga Yuli 1992 aka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar da ta kafa CIMA, hukumar kasuwannin inshora mai hedikwata a Libreville, kuma kundinta ya fara aiki a 1995. Ƙasashe 14 ke bin sa, ciki har da Afirka ta Tsakiya, Kamaru, Chadi, Gabon, Kwango Brazzaville, Nijar, Benin, Togo da Cote d'Ivoire. Ke nan Bahaushen Bangui da na Maraɗi da na Garwa doka ɗaya ke kansu. Najeriya ba ta ciki, haka Ghana, Sudan da Kwango Kinshasa.

Sashe na 200 ya wajabta wa duk mai mota inshorar da takarda ke kira responsabilité civile, wato ta alhakin cutar da wani. Ita ce jandarma ke tambaya a shingen PK12. Tana biyan wanda motarka ta buge, da motarsa ko shagonsa, da fasinjojin da ke cikin motarka, kuma dokar ta lissafa iyalan direba da na mai mota cikin waɗanda ake biya. Diyyar rauni da ta rai ana lissafa su ne bisa ma'aunin da ke cikin kundin, wanda aka ɗora kan mafi ƙarancin albashi na ƙasar. Abin da ba ta biya shi ne motarka, kayanka da direban da ke tuƙi. Wannan na ƙarshe ya kamata masu mota su tsaya a kansa. Direban da ke kwana uku a hanyar Bria shi ne ya fi kowa fuskantar haɗari, shi ne kuma takardar dole ta bari a waje. Akwai ƙarin inshora ta direba da mutanen cikin mota, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin taya ɗaya.

Kuɗin da ake biya ya dogara ga ƙarfin motar da aka rubuta a katinta, yankin da take yawo, da aikin da take yi. Akwai rukunin motar gida, na mai ɗaukar kayan kansa, na mai ɗaukar kayan wasu don kuɗi, da na mai ɗaukar fasinja. Jarabar a bayyane take: a ce motar gida ce a biya kaɗan, alhali haya take yi. Sashe na 18 ya ce ƙaryar da aka yi da gangan tana rushe yarjejeniyar, kuɗin da aka biya kuma ya zama na kamfani. In kuskure ne ba da niyya ba, sashe na 19 ya ce a rage diyya gwargwadon giɓin da ke tsakanin abin da aka biya da abin da ya kamata a biya.

Kundin ya kuma ba kamfani damar cire wasu abubuwa daga alƙawarinsa: direba marar lasin da ya dace, fasinjan kuɗi a motar da ba a yi wa inshorar haya ba, mutanen da aka ɗauka ta hanyar da ba ta da tsaro kamar saman kaya, da ɗaukar abu mai kama wuta. A kan mai akwai iyaka: lita 600 ko kilo 500, har da wanda ke cikin tankin motar. A yi lissafi da 78. Tankunanta lita 180 ne. Duro biyu na lita 200 sun kai jimlar 580, ana cikin iyaka. Duro na uku ya fitar da ita. Kada mai mota ya ɗauka cewa tunda an biya wanda aka buge shi ke nan. Sashe na 210 ya hana kamfani ya fake da waɗannan dalilai ya ƙi biyan wanda aka cuta, amma ya ba shi damar ya juyo ya karɓi kuɗinsa a hannun mai laifin.

Sai sashe na 13, wanda aka gyara a 2011: in ba a biya kuɗi ba, inshora ba ta fara aiki. Ɗan sassaucin da aka yi wa manyan yarjejeniyoyi bai shafi mota ba. A kasuwar da aka saba da “kawo, zan cika maka ranar Juma'a”, wannan doka ba ta san mutunci ba. Mai biya ta hannun dillali ya karɓi rasit da takardar shaida mai sunan kamfanin, ya kuma tabbatar da lambarta a ofishinsu. Kamfanonin inshora a Bangui 'yan kaɗan ne, SUNU na cikinsu, don haka tabbatarwar ba ta cin rabin yini.

Inshorar motar kanta

Wanda yake son a biya shi idan motarsa ta ƙone, aka sace ta, ko ta kife, sai ya ƙara wasu alƙawura: gobara, sata, fashewar gilashi, karo da wata mota, ko wadda ake kira tous risques. Sunan nan na ƙarshe yana nufin kowane haɗari, amma suna ne kawai.

Da farko, ba a biyan fiye da darajar motar a ranar da abin ya faru, bayan an cire tsufa, da wani kaso da aka amince mai mota zai ɗauka da kansa, wanda takarda ke kira franchise. Na biyu, rage darajar mota don a rage kuɗin inshora yana dawowa kan mai shi. A ce motar ta kai sefa miliyan 20, aka rubuta miliyan 10. Ta kife, gyara ya ci miliyan 4. Kamfani zai biya miliyan 2 ne, domin rabin motar aka yi wa inshora. Na uku, abubuwan da aka ƙara bayan saye, kamar ƙarfen gaba, injin jawo mota, tankin ƙari, rediyon sadarwa da ragar rufi, sai an rubuta su da darajarsu. Kayan ciniki da ke ciki kuwa suna bukatar tasu inshorar daban. A tambaya kuma, a ga amsar a rubuce, game da injin da ya sha ruwa a mashigi da motar da ambaliya ta ci a ajiye. Mazauna Bangui ba su manta ambaliyar Ubangi ta Oktoban 2019 ba.

Babbar magana ga mai mota a wannan ƙasa ita ce sashe na 38. Ya ce, in ba an yi wata yarjejeniya ta musamman ba, kamfani ba ya biyan asarar da yaƙi da wata ƙasa, yaƙin basasa, tarzoma ko boren jama'a suka jawo. Mutanen Kilomita Biyar, da suka ga abin da ya faru da shaguna da motoci daga Disambar 2013, ba sa bukatar a fassara musu wannan. Haka waɗanda motocinsu suka maƙale a Garoua-Boulaï daga Disambar 2020 zuwa Fabrairun 2021, lokacin da 'yan tawaye suka toshe hanyar. Amma sashen yana da rabi na biyu da ba a cika karantawa ba: idan kamfani ya ce yaƙin basasa ko tarzoma ce ta jawo asarar, shi ne zai kawo hujja, ba mai mota ba. Wannan yana da nauyi, domin a hanyar daji ba koyaushe ake bambance zargina masu tare hanya don kuɗi da mayaƙan wata ƙungiya ba. Na farko fashi ne, wanda inshorar sata kan iya ɗauka in yarjejeniyar ta haɗa da ƙwace da makami. Na biyu yana iya faɗawa ƙarƙashin sashe na 38. Saboda haka kalmomin da aka rubuta a rahoton jandarma suna iya zama bambanci tsakanin a biya da a ƙi. Mai ba ƙungiyar agaji haya ya karanta takardar hayar da kyau, ya ga wa zai ɗauki asarar in aka ƙwace motar ko ta taka nakiya, abin da ya faru sau da dama a yammacin ƙasar tun 2020. Ana iya sayen ƙarin alƙawari na tarzoma da rikicin siyasa, da tsada, kuma wanda ya san inda motarsa ke zuwa shi zai auna.

Tsallaka iyaka

Ƙasashen CEMAC shida, wato Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Chadi, Kwango Brazzaville, Gabon da Equatorial Guinea, suna da katin bai ɗaya da ake kira carte rose, wanda aka amince da shi a 1996. Kamfanin da ya ba da inshorar shi ke ba da katin. Amfaninsa shi ne in an yi haɗari a Bertoua ko Moundou, ofishin katin na ƙasar zai bi maganar diyya maimakon a riƙe direba da mota har sai an kawo kuɗi daga gida. Katin na alhakin cutar da wani ne kawai. Inshorar sata ko ta kifewa ba lallai ta bi motar zuwa wata ƙasa ba, sai an duba iyakar da aka rubuta.

Mai niyyar wucewa Najeriya ta Kamaru ya sani cewa carte rose ta ƙare a bakin iyaka. Yammacin Afirka tana da nata katin mai ruwan ƙasa na ECOWAS tun 1982, kuma motar da ta fito daga wajen tsarin sai ta sayi inshora a inda ta shiga. Haka wanda ya tsallaka kogi zuwa Zongo a Kwango Kinshasa, ko ya bi Am Dafok zuwa Sudan: waɗannan suna cikin tsarin katin rawaya na COMESA.

Idan abin ya faru

A kai masu rauni asibiti, a kira 'yan sanda ko jandarma su rubuta rahoto, a ɗauki hotuna kafin a motsa motoci. Yarjejeniya tana ƙayyade lokacin sanar da kamfani, kuma sashe na 12 ya ce ba zai gaza kwanakin aiki biyar ba, sata kuwa awa 48. Wanda ke daji ya kira ko ya aika saƙo, ya bi da takarda da zarar ya iso. Haƙƙin kai ƙara kan yarjejeniyar inshora yakan faɗi bayan shekara biyu.

Al'adar unguwa ita ce a kira manya a yi sulhu, kuma sau da yawa ita ke kashe wutar da za ta iya tashi, musamman in haɗarin ya haɗa mutanen unguwanni biyu. Sai dai kamfani yana da damar ya rubuta cewa duk amsa laifi ko sulhun da aka yi ba da saninsa ba bai ɗaure shi ba, kuma galibi suna rubutawa. Zuwa dubiya da gaisuwa da taimakon magani ba su hana komai ba. Sa hannu kan takardar biyan diyya ne ya kamata ya jira wakilin kamfani. In kamfani ya yi ta jan ƙafa, akwai sashen kula da inshora a ma'aikatar kuɗi, sama da shi kuma akwai hukumar sa ido ta CIMA, wadda ke da ikon hukunta kamfani har ta janye masa lasisi.

Wasu 'yan kasuwa suna ƙyamar inshora saboda addini. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana da garari, ta halatta ta taimakekeniya, wato takaful. Malamai da dama kuma suna ganin wadda hukuma ta tilasta ta shiga babin larura. A 2019 CIMA ta fitar da ƙa'idar takaful, wadda ta ba kamfanoni damar buɗe sashe na musamman, don haka mai bukata yana da hujjar tambaya a ofishin da yake biya.

Saura maganar sayarwa, tunda kat-kat a Kilomita Biyar takan sauya hannu da musafaha da shaidu biyu. Inshora ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita. Bisa sashe na 41, yarjejeniyar tana tsayawa da kanta da tsakar daren kwana na biyar bayan ciniki, ko da takardar da ke manne a gilashi ta nuna saura wata takwas. Mai sayarwa ya sanar da kamfani ranar cinikin a rubuce. Mai saye kuma ya yi tasa da sunansa kafin ya ɗora buhun farko.